Barewa Ba Ta San Jar Tuta Ba

Ɗana, na san irin son da kake yi wa gudu, kuma ba zan ce ka daina ba. Wanda ya ɗauki motarsa ko babur ɗinsa ya kai filin tsere, ya biya kuɗi, ya sa hular kwano, ya yi gudunsa a inda aka tanada domin gudu, ya fi mini mai wasa da rayukan bayin Allah a titin gari nesa ba kusa ba. Sai dai akwai wani tunani da ke shiga zuciyar matashi da zarar an rufe ƙofar fili a bayansa, shi nake so in cire maka. Yakan ce a ransa: yau daga ni sai kwalta. Babu mai tsallaka titi, babu tirelar da za ta ɓullo daga kwana, babu mai tahowa ta hannuna. Duk wannan gaskiya ne, amma mutane ne kaɗai suka yi wannan yarjejeniya a tsakaninsu. Dabbar da ke kiwo a bayan shinge ba a yi shawara da ita ba.

Ranar 3 ga Agustan 2006, Cristiano da Matta, ɗan ƙasar Brazil, yana gwajin mota a filin Road America da ke jihar Wisconsin ta Amurka. Ba ranar gasa ba ce. Shi kuma ba ɗan koyo ba ne: shi ya ci kambun gasar CART a 2002, ya kuma tuƙa wa Toyota a Formula 1 a 2003 da 2004. Yana dosar kwana ta shida sai barewa ta faɗo titi. Tayar gaba ta dama ta kwashe ta, ta wurga ta sama, ta dawo ta same shi a ka, domin motar irin mai buɗaɗɗen mazauni ce, babu rufi babu gilashi. A sume aka ciro shi. Jirgi mai saukar ungulu ya kai shi asibiti, aka yi masa tiyatar gaggawa don cire jinin da ya taru a cikin ƙoƙon kansa. Ya yi kwanaki bai san inda yake ba, ya yi makonni a gadon asibiti. Sai a 2008 ya sake zama a cikin motar tsere, kuma bai koma matsayin da yake a da ba.

Ka tsaya ka tambayi kanka wane kuskure ya yi. Bai makara wajen taka birki ba, bai shiga kwana da garaje ba, motarsa lafiyarta lau. Duk abin da ake koya wa direba ya san shi, ya ma fi masu koyarwar sani. Wannan shi ne abin da ya raba haɗarin dabba da sauran haɗurran fili. Yawancinsu gwaninta tana rage su: kana ƙara ƙwarewa, suna ƙara nisa da kai. Wannan kuwa, ƙwarewarka ce ke ƙara maka gudu, gudun kuma shi ke cinye ɗan lokacin da za ka iya yin wani abu.

Bari in yi maka lissafin, don ba na so ka ɗauki maganata a matsayin tsoron tsofaffi. Mota mai gudun kilomita 200 a awa tana cin mita 56 a kowace daƙiƙa. Mutumin da abu ya zo masa ba zato yakan ɗauki kusan daƙiƙa ɗaya kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta bar totur ta koma birki. Ke nan mita 56 sun tafi ba ka fara komai ba. Daga nan, motar titi mai tayoyi masu kyau a busasshiyar kwalta tana bukatar wajen mita 160 kafin ta tsaya cik. Haɗa su, ka haura mita 200. A gudun kilomita 100 kuwa, birkin mita 40 kawai yake nema. Ka lura da kyau: an ninka gudu sau biyu, nisan tsayawa ya ninku sau huɗu. Haka ma ƙarfin karo yake. Barewa madaidaiciya takan kai kilo 50, nauyin buhun siminti ke nan. Haɗuwa da ita a gudun kilomita 200 daidai yake da a sako maka wannan buhun daga saman bene mai tsawon kusan mita 160. Ba wanda zai yarda ya tsaya ƙarƙashin benen don ya sa hular kwano.

Stefan Johansson, ɗan Suwidin, ya gamu da irin wannan a 1987 a filin Österreichring na ƙasar Ostiriya, lokacin atisaye, a cikin motar McLaren. Ya hauro wani tudu da ba a ganin abin da ke bayansa, yana gudun da ya wuce kilomita 200 a awa, sai ga barewa a gabansa. Ƙafar motar ta karye nan take, motar ta ƙwace ta daki ƙarfen gefen titi ta ragargaje. Shi Allah ya yi masa gyaɗar dogo, ya fita da ciwon haƙarƙari. Tsakaninsa da da Matta ba bambancin iyawa ba ne. Bambancin inda gangar jikin dabbar ta faɗa ne kawai, kuma wannan ba ya hannun direba.

Kada kuma ka ce ai sai babbar dabba. A ranar 19 ga Yunin 1960, a gasar Beljiyam da aka yi a Spa, Alan Stacey na Ingila ya rasu a cikin motarsa Lotus yana ɗan shekara 26. Waɗanda suka ga abin sun ce tsuntsu ne ya daki fuskarsa, motar ta bar titi ta kama da wuta. A wancan zamani hular ba ta rufe fuska. Kafin shi, a 1946, Rudolf Caracciola, Bajamushen da ya ci kambun Turai sau uku, wani abu da ake kyautata zaton tsuntsu ne ya same shi a ka yana atisaye a Indianapolis, ya yi kwanaki a sume. Tsuntsu fa, abin da yaro zai ɗaga da hannu ɗaya. Idan kana shakka, tuna abin da ya sami Felipe Massa a Hangari a 2009: wani ɗan ƙarfe da bai kai kilo ɗaya ba ya ɓalle daga motar da ke gabansa, ya daki hularsa ta zamani, ya fasa masa ƙashin kai a saman idon hagu. Irin waɗannan raunukan kai ne suka sa Formula 1 ta kafa wa motocinta ƙarfen kariya a kewayen kan direba daga 2018, gasar IndyCar kuma ta ƙara da gilashi mai kauri daga 2020. Su an kare su daidai gwargwado. Kai da ke kan babur, ko cikin ƙaramar mota marar rufi, fuskarka ba ta da wata kariya sai gilashin hularka. Don haka ka rufe shi ruf kafin ka fita daga gareji, ko da zafi ya dame ka, ko da zagayen ɗumama taya kawai za ka yi. Mutane na yawan yaɗa bidiyon Andrea Iannone a tsibirin Phillip na Ostireliya a 2015, inda tsuntsun teku ya shiga gabansa yana kan Ducati, ya huda murfin gaban babur ɗin, shi kuwa ya ci gaba har ya zo na uku. Ana kallo ana dariya. Ni idan na kalla, abin da nake gani shi ne tazarar 'yan yatsu tsakanin murfin babur da wuyan mutum.

Za ka ce to ina shinge? Akwai shi, kuma masu filaye suna kashe kuɗi a kansa. Amma ka duba inda aka gina filayen da suka fi daɗin tuƙi. Road America zagayensa ya haura kilomita 6, a cikin tuddai da kurmi. Tsohon titin Nürburgring na Jamus, wanda kowa ke mafarkin zagayawa, kilomita 20.8 ne a tsakiyar dajin Eifel. Mount Panorama na Bathurst a Ostireliya titin jama'a ne a yawancin ranakun shekara, da gidaje da gonaki a gefensa, kuma kangaru na zaune a dutsen tun kafin a zuba kwalta. Jim Richards, wanda ya ci gasar Bathurst 1000 sau da dama, ya yi karo da ɗaya a 2004. An zaɓi irin waɗannan wurare ne don nesa da gari, don filin na da araha, don maƙwabta ba za su yi ƙorafin ƙara ba. Duk dalilan da suka sa wurin ya dace da tsere su ne suka sa ya dace da namun daji. Shinge mai tsawon kilomita da yawa kuwa ba ya rasa kafa. Itace zai faɗo a kansa da daddare, ruwa zai haƙe ƙarƙashinsa, akwai kwalbati, akwai ƙofar da wani ma'aikaci ya manta bai rufe ba. Barewa tana tsallake shinge mai tsayin mutum idan ta firgita. Abin da ya fi muni, idan ta shigo, shingen da aka yi don hana ta shiga shi ne zai hana ta fita, sai ta riƙa bin gefen titi a ruɗe, ƙarar injuna na korar ta daga nan zuwa can.

Ko Formula 1, da duk dukiyarta da ɗaruruwan ma'aikatanta, ba ta gama da wannan matsala ba. Filin Montreal na Kanada yana kan tsibiri ne mai cike da wata dabba dangin kurege, mai ƙiba, mai haƙa rami. A 2007 Anthony Davidson yana matsayi na uku a motar Super Aguri, matsayin da ƙaramin kulob irin nasu ba ya samu kullum, ya taka ɗaya, fiffiken gaban motarsa ya lalace, damar ta tafi. A 2025 Lewis Hamilton ya taka wata a Ferrari, ƙasan motarsa ya samu lahani. A Singafo guza ne ke ratsa titi lokacin atisaye. A Istanbul a 2008 kare ne ya shigo ana tsakiyar gasar GP2, Bruno Senna ya buge shi, ƙafar motarsa ta karye. Idan haka take a filayen da idon duniya ke kai, yi tunanin ƙaramin filin da za ka je ranar hutu, mai 'yan tsirarun masu tuta da ke gargaɗin direbobi, inda mai tuta ɗaya ba ya ma hango na gaba da shi.

To me ya rage a hannunka? Abin da ya rage yana da yawa, sai dai kusan dukansa kafin ka tada inji ne.

Kada ka raina taron safe da ake yi wa direbobi kafin a buɗe fili. Matasa sukan tsaya a baya suna latsa waya, suna jiran a sallame su. Kai ka matsa gaba, kuma ka yi tambaya ko da kunya: shin dabbobi na shigowa wannan fili? Ta wace kwana? An zagaya shinge yau da safe? Masu tuta sun san amsar, domin su ke tsayuwa a wurin tun asuba, su ke ganin sawu a kan tsakuwa. Ka san kuma cewa barewa da kangaru sun fi yawo da sassafe da kuma gab da faɗuwar rana, daidai lokacin da direbobi suka fi so saboda iska ta yi sanyi, inji na ja, kowa na neman ya karya lokacinsa. A Amurka da Turai, watannin kaka su ne lokacin barbarar manyan barewa, mazan ba sa cikin hayyacinsu, suna bin mata ba sa duba gabansu. Idan zamanka ya faɗo a waɗannan lokuta, zagayenka na farko ka yi shi da ido, ba da ƙafa ba. Duba inda bishiyoyi suka matso kusa da kwalta, inda tudu ya ɓoye abin da ke gaba, inda rafi ya ratsa ƙarƙashin titi. A irin waɗannan wurare ka bar wa kanka rara. Kai ba kofi kake nema ba, ba kwantiragi za a ba ka ba. Rabin daƙiƙar da za ka rasa a bayan tudu ba wanda zai tambaye ka ita.

Idan kuwa abin ya zo, ga dabba a gabanka, to abokin gabarka na farko hannunka ne. Jiki zai so ya fizge sitiyari, kuma fizgar nan takan fi dabbar kanta haɗari. Dalilin shi ne, da ka saki totur ka taka birki, nauyin mota yana komawa gaba, bayanta ya yi sakayau. Ka murɗa sitiyari da ƙarfi a wannan hali, baya zai zagayo gaba, daga nan kai fasinja ne, sai inda ta ajiye ka, ko bango ko motar da ke biye. A Suwidin har gwaji na musamman ake yi wa sababbin motoci na kaucewa babbar dabba kwatsam, kuma a wannan gwaji ne sabuwar Mercedes A-Class ta kife a 1997, a gudun da bai kai rabin wanda za ka yi a fili ba. Don haka idan ƙaramar dabba ce, zomo ko kurege ko tsuntsu, riƙe sitiyari da hannu biyu, ka tsaya a layinka. Na san da zafi, kuma bai kamata zuciyarka ta daina jin zafin ba. Rai ne, Allah ne ya halicce shi, kuma mu ne muka shimfiɗa titi a gidansa. Amma ba a fansar ran zomo da ran mutum, balle ran wanda ke bayanka da bai san me ya sa ka karkace ba. Idan babba ce, taka birki iyakar ƙarfinka mota na miƙe, domin kowane kilomita da ka rage kafin karo yana rage ƙarfinsa fiye da yadda kake zato. In akwai sarari, kuma gudun ya sauka, karkata a hankali ta bayanta, ta inda ta fito, ba ta inda ta dosa ba. Ka kafa idonka a kan sararin da kake so ka bi, kada ka kafa shi a kan dabbar, don mota da babur suna bin inda ido ya kalla. Kuma idan ɗaya ta tsallake lafiya, kada ka koma kan totur kana hamdala tukuna. Barewa ba ta cika tafiya ita kaɗai ba, ta biyu tana nan tafe.

Akwai wani abu da nake roƙonka da girman Allah kada ka yi: kada ka tsaya a kan titin tsere, kada ka fito da ƙafa don ka duba dabba ko ka janye gawarta. A ranar 5 ga Maris 1977 a Kyalami ta Afirka ta Kudu, wani matashin ma'aikacin fili ɗan shekara 19 ya ruga zai tsallaka titi da tukunyar kashe gobara don ya taimaki motar da ta kama wuta. Niyyarsa alheri ce tsantsa. Tom Pryce ya hauro tudu da gudun da ya kusa kilomita 270, bai gan shi ba. Dukansu biyu suka rasu nan take. Idan ka bugi wani abu, rage gudu, ka bar layin masu gudu, ka lallaɓa zuwa gareji. Idan motar ta mutu, zauna a ciki da bel ɗinka har masu tuta su ba ka izini, sai fa in wuta ce. A gareji kuma kada ka duba fenti kawai ka ce ba komai. Ƙaramar dabba tana iya fasa lagireto, ruwa ya zuba a kan taya ko a kan titi ya zame wa na bayanka santsi. Tana iya tsinke tiyon man birki, ko ta lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da taya, ba za ka sani ba sai a kwana ta gaba mai gudu. Sa makaniki ya shiga ƙarƙashi ya duba.

Na san abin da wasu abokanka za su ce: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, ni ma na yi imani da ƙaddara. Amma wanda ya rubuta ƙaddara shi ne ya ba ka ido da hankali ya ce ka yi sababi, kuma ranka amana ce a hannunka, ba mallakarka ba. Mahaifiyarka tana da haƙƙi a cikinsa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wannan lissafi bai tsaya a filayen Turai da Amurka ba. Mita 56 a daƙiƙa ɗaya ne a ko'ina. Idan barewa ta kusa kashe zakara a filin da ke da shinge da likitoci da jirgi mai jiran ko-ta-kwana, me kake tsammani ga wanda ya mai da babban titinmu filin tsere da tsakar dare, inda garken shanu ke tsallakawa, inda jaki ke tsayawa a tsakiyar kwalta, inda raƙuman dawa ke ratsa hanyar Yamai zuwa Doso a wajen Kure? Dabba mai dogayen ƙafafu irin raƙumi ko doki ta fi kowacce haɗari ga ƙaramar mota, don gaban mota ƙafafun kawai yake sharewa, gangar jikin kuwa ta gilashi take shigowa, daidai inda kake zaune.

Idan aka ɗaga tuta mai ruwan ɗorawa, rage gudu da gaske, ba ɗan sassauta ƙafa na ganin ido ba, ko da kai ba ka ga komai ba; mai tutar ya ga abin da ba ka gani ba. Idan aka ɗaga ja aka dakatar da zaman don ana korar wata dabba, kada ka shiga sahun masu gunaguni cewa ana cin kuɗinsu. Idan kuma kai ne ka hango ta, ko da a bayan ƙarfen gefen titi take tsaye ba ta shigo ba, kada ka ce bari in gama wannan zagaye mai kyau tukuna. Shiga gareji a wannan zagayen, ka nemi mai kula da fili, ka gaya masa wace kwana ce, ta dama ko ta hagu, babba ce ko ƙarama, guda nawa ka gani, kuma ina ta dosa. Da wannan bayanin ne za su sanar da masu tuta ta rediyo, su tura mota ta zagaya, su nemo inda shingen ya ɓalle.